Zanen mutanen gari a waya: tambayoyin da masu koyo ke yawan yi a Maraɗi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin matasa masu koyon zane a nan Maraɗi, musamman masu son irin ƴan mutanen nan masu ƙaton kai da gajerun ƙafafu, waɗanda ake ɗauko siffarsu daga mutanen da ake gamuwa da su a hanya. Na faro daga tambayoyin sabon shiga, na gangara zuwa na wanda hannunsa ya fara faɗawa.

Wane irin zane ne wannan, me ya raba shi da zanen kamanni?

Mai zanen kamanni burinsa a dubi takarda a ce "wannan ai wane ne". Mu abin da muke nema shi ne a duba a yi murmushi a ce "na san irin mutumin nan", ko da ba a taɓa ganinsa ba. Ka ga mai shayi a bakin tasha ya ɗaga buta sama yana tsiyayo shayi cikin kofi, hularsa ta karkace gefe guda. Ɗaga hannun nan da hular nan su za ka riƙe, ka koma ka gina wani ɗan mutum daban a kansu, da fuskar da kai ka ƙirƙira. Japanawa ne suka yi fice a wannan salo, kuma da sunan chibi za ka same shi idan ka bincika a intanet.

Me ke sa ɗan zane ya shiga rai? Nawa in na gama sai ya fito kamar tsoho mai fushi.

Ma'auni ne. A 1943 wani masanin ɗabi'ar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, ya bayyana siffofin jarirai da ke sa babba ya ji tausayi da son ɗauka: kai babba a kan ƙaramin jiki, goshi mai faɗi, manyan idanu da suka sauko ƙasa a fuska, kumatu cike, gaɓoɓi gajeru masu kauri. Duk wani zane da ka gani ya ba ka sha'awa irin ta yara, da waɗannan aka gina shi.

Masu zane da tsayin kai suke awo. Tsayin baligi ya kai kansa bakwai da rabi, ɗan mutumin namu kuwa kai biyu ne zuwa uku kacal, wato kan kaɗai ya cinye sulusi zuwa rabin tsayin. Idon baligi yana tsakiyar kai, daga tsakar ka zuwa haɓa. A naka zanen ka sauko da idanun ƙasa da tsakiya, ka ɗan raba su, hanci ya zama ɗigo, baki ya matso kusa da su. Ka gwada yanzu: yi da'ira biyu iri ɗaya, sa wa ɗaya idanu a sama, ɗayar a ƙasa. Ta farkon ita ce tsohon nan mai fushi da kake ta samu. In kana son abin gwaji mai rai, ka zauna kusa da ɗan jar akuyar Maraɗi da bai daɗe da haihuwa ba, ka dubi girman kansa da kaurin gwiwoyinsa a kan sauran jikin.

Me ya sa sai na kalli mutane? Ba ga zane-zane cike da intanet ba?

Kwaikwayo hanya ce ta koyo, ba na hana kowa, muddin ba za ka ɗora shi ka ce naka ne ba. Amma wanda ya tsaya nan, bayan shekara za ka tarar ya iya gashin Japanawa da kayan lakwal ɗinsu, bai iya zana ɗankwali ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Masu zana waɗancan fuskoki sun cika duniya, sun kuma fi mu kayan aiki. Mai nono da ƙwaryarta, ɗan kabu-kabu da ya ɗora ƙafa ɗaya a ƙasa yana jiran fasinja, tsohuwa mai tuyar ƙosai da ta kare fuska daga hayaƙi da gefen mayafi, in ba mu muka zana su ba babu mai zuwa ya zana mana. Kuma abin da ido ya gani a zahiri yana zuwa da ƴan bayanan da hankali ba ya ƙirƙirowa da kansa, kamar silifa da aka ɗaure da waya ko carbi da ke leƙowa daga aljihu.

Zama a gari ana zana abin da ake gani sana'a ce da ke da mabiya a ƙasashe da dama. Akwai ma ƙungiyar Urban Sketchers da wani ɗan jarida mai zane, Gabriel Campanario, ya faro a 2007 a birnin Seattle na Amurka.

Ina ya fi dacewa in zauna?

Inda mutane ke jira, ko inda suke maimaita motsi ɗaya. Tasha ta fi ko'ina sauƙi, don mai jiran mota ta cika ba ya zuwa ko'ina. Sai masu dara a gindin bishiya, tela a kan keke, wanzami, mai gyaran takalmi. Babbar kasuwa ranar Litinin da Juma'a tana cika da mutanen ƙauyuka, a nan za ka ga malafa da rawani da kaya a ka iri-iri, sai dai cunkoso ya yi wa sabon shiga yawa. Ka nemi rumfar wani da ka sani ka raɓe. Ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Sarkin Gobir a Tibiri akwai dogarai da dawakai da kwalliyar da ba a gani kullum. Wanda ya samu zuwa Madarunfa ya dubi masunta a bakin tafki.

Ka nisanci bariki da shingen jami'an tsaro da asibiti. Fadarku ta shayi kuwa ita ce makarantar farko, abokai ba sa jin haushin kallo.

Kafin in gama kai mutumin ya wuce. Yaya ake yi?

Kada ka fara da kai. Ka ba kanka daƙiƙa 30: layi ɗaya daga ka zuwa ƙafa da ke nuna yadda jikin ya tanƙwara, sai dunƙulen siffar tufafi, sai abin da ke hannu. Fuska a gida ake yin ta. A gefe ka rubuta kalma uku ko huɗu, misali "shuɗin yadi, jan silifa, yana hamma". In mutumin aiki yake maimaitawa, kamar mai daka ko mai jan guga, ka zaɓi motsi ɗaya ka jira ya dawo kansa, ka ƙara layi biyu, ka sake jira.

A waje na fi son ƙaramin kaye (littafin rubutu) da bik (biro) a kan waya. Bik ba ya gogewa, dole ka ci gaba, ga shi rana ba ta kashe maka takarda yadda take kashe sikirin, kuma ba wanda zai zaci hoto kake ɗaukarsa. Yadda ake mayar da zanen takarda cikin waya yana cikin amsar tambayar salula a ƙasa.

Sai na nemi izinin mutum kafin in zana shi?

In ka bi abin da aka faɗa a tambaya ta farko, ka canza fuska, ba wanda za a gane, to ba ka ɗauki komai nasa ba sai tsayuwa da launin riga. Amma in ya lura kana kallonsa, kada ka ɓoye kayen, ɓoyewar ce ke jawo zargi. Ka tashi ka gaishe shi: "Ina wuni Baba, zane nake koyo, naɗin rawanin nan naka ne ya burge ni, ga shi ka gani." Galibi dariya za a yi, wani ma ya kira maƙwabcin rumfa ya zo ya gani. In ya ce bai so, ka yage shafin ka ba shi, ka ba da haƙuri. Ɗaukar hoto a ɓoye don ka zana daga baya kuwa ban yarda da shi ba sam. In kamannin mutum kake so sak, ka tambaye shi, ka kuma gaya masa inda za ka ɗora.

Saurayi ba ya zama ya ƙura wa matar mutane ko budurwa ido da sunan zane. Abin da kallo ɗaya ya ba ka ya isa, sauran ka koya a wurin ƴan uwanka na gida. Yara, har da almajirai, ba a ɗora zanen da za a gane su.

Sai babban abin: wannan salo da ƙarin gishiri yake tafiya, kuma kai ke zaɓar inda za ka ƙara. Ka ƙara a abin da mutumin zai yi alfahari da shi, girman rawani, ƙyallin tabarau, faɗin murmushi. Kada ka ƙara a naƙasa, ko yagewar riga, ko haƙoran da suka fita. Tsagar fuska ta gado, irin ta Gobirawa da sauransu, alamar gidan mutane ce, ko ka yi ta daidai cikin mutunci ko ka bar ta. Ma'aunina shi ne: in ba zan iya nuna wa mai shi zanen a gaban ƴaƴansa ba, bai kamata ya fita daga kayena ba.

A gida an ce mini zanen mai rai haramun ne. Me malamai suka ce?

Tambaya ce ta gaske, kada ka raina wanda ya yi maka ita. Akwai hadisai a Bukhari da Muslim masu tsananin gargaɗi ga masu yin sura, akwai kuma hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsana na wasa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a ƙasarmu, abin da aka haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta, na mai rai. Shafaffen zane a takarda ko ƙyalle an sanya shi a babin karhanci ko abin da barinsa ya fi. Wasu malaman sun hana zanen mai rai da hannu gaba ɗaya, wasu sun sassauta in surar ba ta cika ba. Ka kai maganar gaban malamin da ka amince da iliminsa, ka nuna masa ainihin abin da kake yi.

Wanda ya zaɓi barin fuska bai fita daga sana'ar ba. Ana zana mutum ta baya, ko a bar fuskar fili, hali ya fito ta tsayuwa da tufafi. Duba amsar tufafi, kusan duk abin da ke cikinta yana aiki ba tare da ido ko baki ba.

Salula kawai gare ni. Za ta yi?

Za ta yi. A Android akwai ibisPaint X da MediBang Paint da Sketchbook, duk ana sauke su kyauta. Mai kwamfuta ya nemi Krita, ita ma kyauta ce. Procreate da kake gani a bidiyo ta na'urorin Apple ce, kuma sayen ta ake yi, kada rashinta ya tsayar da kai. Ga mai farawa na fi karkata ga ibisPaint X: tana naɗar bidiyon yadda ka yi zanen tun daga layin farko, in kuma ka ɗauki hoton zanenka na takarda ka shigar, za ta tambaye ka ko ta tsamo layukan ta zubar da farin takardar. Ka ɗauki hoton a inuwa mai haske, wayar a miƙe saman takardar.

Yatsa ya isa, in ka saba da zuƙowa da juya allon. Wasu na haɗa alƙalami da tsinken goge kunne: a naɗe shi da takardar alminiyam har ta taɓa audugar, a ɗan jiƙa bakin, a riƙe ta kan alminiyam ɗin. Yana aiki, sai dai bai san dannawa da sassautawa ba. Wannan sai allon zane mai alƙalami, irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen, masu gane matakan dannawa 4096 ko 8192. Wasunsu na haɗuwa da waya ta ƴar mahaɗar OTG, amma ba kowace waya ke karɓa ba, ka gwada da taka kafin ka biya.

Mene ne leya, kuma guda nawa zan yi?

Leya, wadda masu waya da Faransanci ke gani da sunan kalk, kamar fararen ledoji ne da aka jera bisa juna: ka yi zane a ta sama, ta ƙasa ba ta taɓu ba. Ga ɗan mutum guda, biyar sun wadatar. Ta zanen gwaji, wadda za ka rage ƙarfinta zuwa kashi 20 ko 30 cikin 100; ta tsabtataccen layi a samanta; a ƙarƙashin layin ta launi; sai ta inuwa; can ƙasa ta bango. Leyar inuwa ka maƙala ta a kan ta launi da abin da ake kira kilifin, yadda ko ka yi gangancin shafawa ba za ta tsallake jikin mutumin ba. Leya da yawa a kan babban allo na cinye ƙwaƙwalwar ƙaramar waya har manhajar ta rufe kanta, don haka ka haɗe waɗanda ka gama da su.

Layina rawa yake yi, zanen kuma in na dawo washegari sai in ga ya karkace.

Rawar layi daga jan hannu a hankali take. Ka ja da sauri, bugu ɗaya, in bai yi ba ka taɓa sikirin da yatsa biyu ya koma baya, ka sake. Ka kunna mai daidaita layi, amma matsakaici, in ya yi yawa layin sai ya mutu. Kowane hannu akwai kwanar da ya fi iya ja, ka riƙa juya allon zuwa gare ta. Layin waje ya fi na ciki kauri, wannan kaɗai na sa ɗan mutum ya yi dumurmur.

Karkacewa kuwa ido ne ya saba da kuskuren. Ka riƙa kifa allon hagu zuwa dama tun kana zanen gwaji, nan take za ka ga idon da ya fi ɗan uwansa hawa. Ka kuma riƙa janyewa baya, zanen ya koma girman tambarin waya. Yawan zuƙowa ne ke sa mutum ya ɓata awa a kan gashin ido alhali kafaɗa a goce take.

Fatar mutanenmu in na shafa sai ta yi toka-toka ko ta haɗiye layin.

Nan ne darussan waje suka fi barin mu a hanya, don yawancinsu a kan farar fata aka yi su. Fatarmu ruwan ƙasa ce mai ja ko ruwan goro a ciki, zurfin ne ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ka ɗauki hoton bayan hannunka a inuwa, ka tsinci launin da abin tsintar launi na manhajar, ka ga inda ya faɗo. Kada ka yi inuwa da baƙi, shi ke kawo tokar. Ka sa leyar inuwa a yanayin maltifilai, mai ƙara wa launin da ke ƙasa duhu, ka shafa jan ƙasa mai ɗan shuɗi-shuɗi. Baƙar fata da haske take bayyana siffarta fiye da inuwa: ɗan ƙyalli a goshi, karan hanci da saman kumatu, mai ɗumi in rana ce, mai ɗan shuɗi in a inuwa ne ƙarƙashin sarari. Tafin hannu da na ƙafa sun fi haske, leɓen ƙasa sau da yawa ya fi na sama ja.

In fata ta haɗiye layi, ka ƙara wa layin duhu da kauri, ka sa ƙyallin kusa da shi. Abin da nake roƙo shi ne kada ka haskaka mutum don zanen ya "yi kyau". Wanda ka gani a tasha baƙi ne mai sheƙi, haka ya burge ka, haka za ka bar shi. Kana aiki ka mayar da bangon ruwan toka, farin bango na sa kowane launi ya yi kamar ya fi duhu.

Yaya zan yi da babbar riga, hijabi da atamfa a jiki ɗan ƙarami haka?

Tufafinmu alheri ne ga mai wannan salo, don kowanne da siffarsa tun daga nesa. Babbar riga faffaɗan murabba'i ce da ƴan ƙafafu a ƙasa. Layi uku daga kafaɗa sun isa nuna naɗin hannu, aikin aska kuma ka taƙaita shi zuwa tsini biyu ko uku. Dogon hijabi siffar ƙararrawa ce, motsin yana gefen da iska ta ɗaga da kuma takun ƙafa. Atamfa kada ka kwafe ta duka, ɗauki fure ɗaya da launi biyu ka girmama su. Buzu da rawaninsa ya rufe baki, idanu da gira ne za su yi magana.

Ka lura da abin da jiki ke yi saboda kayan. Mai talla da tire a ka wuyanta a miƙe yake, idanu ne ke juyawa, ga gammo a tsakani. Mai goyo in ta fuskanto ka ba ka ganin jaririn, sai ƴan tafin ƙafa biyu da suka leƙo ta gefen ƙugunta. Don ka tabbatar siffar ta fito, ka cika ɗan mutumin da baƙi gaba ɗaya a wata leya, ka nuna wa ƙaninka. In ya ce "mai nono ce", ka ci gaba.

Duk mutanena fuska ɗaya gare su.

Hannu ne ya samu da'irar da ya iya ya zauna a kanta. Ka cika shafi da kawuna kaɗai: mai faɗi, mai tsawo, mai kumatu a ƙasa, mai ƙeya. Ka canza tazarar idanu da kaurin gira. Tsufa a wannan salo da furfura, gemu, layi biyu a gefen ido da ɗan ranƙwafawa ake nuna shi, yawan tamoji na kashe kyan. Ka ajiye tsofaffin zanenka, bayan ƴan watanni ka sake zana ɗaya ka jera su. In za ka nemi gyara a wurin wani, kada ka ce "ya yi kyau?", ka ce "wane hannu ne bai zauna ba?"

Wane girma zan zaɓa, kuma me ya sa zanena ke dusashewa in na tura?

Don ɗorawa a Facebook ko Instagram, fiksel 1080 a faɗi da 1350 a tsayi ya yi, ko ka yi aikin a ninkin haka ka rage daga baya. In bugawa za a yi a takardar A4, ka fara da 2480 da 3508, wato ɗigo 300 a kowane inci. Ƙaramin zane ba ya girma ba tare da ya fashe ba. Launin takarda kuma ba ya kai na sikirin haske, ka buga gwaji ɗaya tukuna. WhatsApp na matse hoto, in kana son ya isa yadda yake ka tura shi a matsayin fayil. Ka adana da tsarin hoto na PNG, shi ke riƙe kaifin layi da bango marar launi. Sitikar WhatsApp 512 da 512 ce, kuma ƴan mutanen nan sun dace da ita sosai, da "sannu da aiki" ko "ina gajiya" a ƙasa. Ka sa sunanka a inda ba a iya yankewa cikin sauƙi.

Zafi da ɗaukewar wuta fa?

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, waya na ɗumama ta fara nauyi, ballantana in tana caji kana zane. Ka yi aikin launi da safe ko bayan isha'i, da rana ka koma kan kaye. Da hunturu ka goge ƙurar sikirin da ƙyalle mai laushi kafin ka ɗora alƙalami, ƙurar na karce gilashi. Bayan kowane minti 20 ka ɗaga kai ka dubi nesa, ka miƙe wuya. Zanen da ke cikin manhaja yana iya tafiya in aka goge ta ko aka yi wa wayar wankin ƙwaƙwalwa a wurin mai gyara, don haka duk wanda ka gama ka fitar da shi biyu, PNG da kuma ainihin fayil mai leyoyi, ka ajiye a katin memori ko ka tura wa imel ɗinka ranar da ka samu intanet mai ƙarfi.